Ganyen Gwaibar Baba

Litinin, 4 ga Mayu

Yaya ya sayar da gidanmu. Wanda ya saya gareji zai yi a tsakar gida, don haka gwaibar da marigayi Baba ya dasa za a sare ta Asabar ta sama. A waya ya gaya min, yana tauna wani abu. Ko taunar bai tsayar ba!

Na yi wa Mama alkawarin hoton ganyenta, irin na shuɗi da nake yi, ta rataye a ɗakin da za ta koma a gidan Yayan. Aikin ba wuya. In shafa wa takarda magani ta bushe a duhu, in ɗora ganye, in danne da gilashi, rana ta gasa, in wanke. Takarda ta koma shuɗiya, ganye ya fito fari tas.

Laraba, 6 ga Mayu

Hoton ya fito kamar an barbaɗa masa gishiri. Shuɗin duk ɗigo-ɗigo, bakin ganyen ya cinye. Shekara da shekaru ina wannan aiki, sai yanzu zai watsa min ƙasa a ido?

Alhamis, 7 ga Mayu

Na je na sauke wa mai takarda kwandon masifa. Wai, "Malama, ita ce dai wadda kika saba saye." Ƙarya yake! Na sayi wata mai kauri a shagon da ke kallon nasa, don ya gani.

Ita ma haka ta fito.

Asabar, 9 ga Mayu

Na tace maganin da ƙyalle. Na zubar, na haɗa sabo. Na zargi ruwan famfo, na wanke da na roba, har da matsa lemun tsami. Duk a banza.

Mama ta ɗaga ɗaya ta ce, "Ai ya yi kyau, kamar ana yayyafi." Ni ba yayyafi na ce zan yi mata ba. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Litinin, 11 ga Mayu

Takardu bakwai a kwandon shara. Allah ya isa tsakanina da mai gareji.

Laraba, 13 ga Mayu

Yaya ya zo kwasar kayan Mama, ya leƙo ɗakin ajiya inda nake shafa magani. Ya ce, "Auta, shafawa kike ko kankare tukunya?"

Na miƙa masa buroshin. "To gwani, bismilla."

Ya ja sau ɗaya a kwance, sau ɗaya a tsaye, kamar mai korar ƙuda, ya ajiye ya fita. Da takardar ta bushe na sa ta a rana musamman don in kunyata shi.

Ta fito sumul. Shuɗi mai zurfi, ko ɗigo babu.

Na ɗauki tawa na karkata ta a bakin taga. Fuskar takardar duk ta tashi gashi-gashi kamar tsohon tawul. Gurzar ta nake da buroshi har na ɓare ta, magani ya taru a wani wuri, ya wanke a wani. Tun ranar da Yaya ya bugo waya, da shi nake faɗa a raina duk lokacin da na kama buroshi.

Abin haushi, wanda bai san komai ba!

Juma'a, 15 ga Mayu

Na sassauta hannu, da ƙyar. Na Mama ya fito yadda nake so. Ta daɗe tana bin bakin ganyen da yatsa.

Lahadi, 17 ga Mayu

Jiya aka sare gwaibar. Na tsaya na kalla har ta faɗi, don wani ya zama shaida. Yaya ba ya wurin, na ce ai dama.

A bayan kicin na same shi, ya juya baya. Bai waigo ba ya ce, "Rufin ya kusa faɗo wa Mama a ka. Me kike so in yi?" Muryarsa ba daidai take ba. Ganyen gwaiba ne cike da aljihun rigarsa, duk ya cukuikuye su, wawa.

Na zare uku masu ɗan dama-dama, na kwantar da su ƙarƙashin gilashi. Dama akwai ragowar takarda, bai kamata ta lalace ba.

Da hoton ya fito, na ajiye masa a kujerar motarsa. Fushin kuma zan ci gaba da shi gobe, in na tuna inda na tsaya.