Jar ƙwayar Tafkin Ossa ta Nlend ce

Ni Hermine Ngo Mbock nake rubuta wannan a garin Edea, hankalina daidai. Hanta ce ta gaza, kai yana nan lafiya. Zuwa gare ku 'ya'yana, Bikai da Odile.

Na ɗaya. Gida na Bikai ne. Madubin duba ƙwayoyi da firizan da ke ɗakin baya na Odile ne, tunda ita ta bi ni aikin bakteriya. Ko za a kwana da yunwa, kada man janareta ya ƙare.

Na biyu. Cikin firizan akwai ƙwayar nan ja kamar manja. Mahaifinku Nlend ne ya kai ni inda take, a Tafkin Ossa, a kwalekwalensa, yana tuƙi yana tsokanata: “Dokta, mutane na zuwa tafki su koma da kifi, ke kina komawa da ruwa a kwalba. Me za mu ci da mintumba, dafaffen rogon nan namu, yau?” Na ce masa wata rana sunansa zai shiga littattafan duniya. Ya yi dariya har muka kusa kifewa.

Ina zaman makokinsa Farfesa Abessolo, shugaban sashenmu, ya buɗe firizan ofis ya ɗauki kwalba guda. Ya raɗa wa ƙwayar sunan mahaifinsa, ya aika ta ɗakunan ajiya na ƙasashe biyu kamar yadda dokar sana'armu ta ce, aka buga a mujalla. Da na tare shi sai ya ce, “Haba 'yar'uwa, ke da kike da takaba, ina ke ina wahalar takardu? Ai na gode miki a ƙasan shafi.” Na tsane shi ranar, kuma tsanar ba ta ragu ba.

Na uku. Odile, ki karanta nan da kyau. Ƙwayarmu ba ta son gata. A ruwan tafki take girma, cikin sanyi, a hankali. Shi kuwa mai gaggawa ya zuba ta a abinci mai maiƙo, ya sa a ɗumi. Wata ƙwaya ja-ja ta banza da ke cikin kwalbar ta cinye farantin da ya zuba su, ta kashe tamu. Ita ya aika waje. Bara na sa aka aiko mini da abin da ya ajiye, na gwada: ƙwaya ce da aka raɗa wa suna tun kafin a haife shi, ko a kwatar kasuwa akwai ta. A wajenmu tsohon suna shi ke tsayawa, nasa ya faɗi. Ki buga wannan a mujallar da ya buga nasa. Sannan ki raɗa wa tamu sunan Nlend. Kada ki sassauta ko kalma ɗaya, kada ki gode masa a ƙasan shafi.

Na huɗu. Zai zo jana'izata da farin hankici. Ku zuba masa miyar mbongo ya ƙoshi, amma kada ya yi jawabi a kan gawata. Bikai, in ya miƙe, ka ce ƙungiyar matan coci su ɗauki waƙa.

Pasto ya ce, “Mama, ki yafe wa Abessolo mana, ki tafi da sauƙi.” Na ce, “Pasto, wanda ya roƙa ake yafe wa, shi kuwa har gobe yana karɓar tafi.”

Na biyar. Rigimarku kan gonar koko ta ƙare yau, ku noma ta tare. Abessolo zai nemi Bikai da maganar aiki don ya lallashi ƙanwarsa. In kun rabu, ya ci ni sau biyu.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'ya masu riƙe amana. Ranar da sunan ubanku ya fito a mujalla, ku zo kabarinmu tare, Odile ta karanta da ƙarfi. Nlend bai iya karatu ba.