Ƙorafin Gwadabe Mai Tsire Kan Fitilar Rumfa Ta Ɗaya

Daga:
Gwadabe Ɗanjuma Maje (Mai Tsire),
Rumfa Ta Ɗaya, Kasuwar Maraice,
Bayan Tsohuwar Tasha, Suleja, Jihar Neja.
Ta hannun Malam Nu'uman Shehu, akawu mai ritaya.

Litinin, 27 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Raya Kasuwar Maraice ta Tsakiyar Gari,
Suleja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HASKEN DA YA YI YAWA DA LASIFIKAR DA BA TA DA SIRRI A RUMFA TA ƊAYA

Bayan gaisuwar ban girma da fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan takarda a madadin maƙwabcina, Malam Gwadabe mai tsire, wanda hannunsa ya fi sabawa da wuƙa a kan alƙalami. Duk abin da ke ciki daga bakinsa ya fito, sai 'yan wuraren da ya yi zafi na sassauta, don takardar ofis ba ta ɗaukar wasu kalmomi.

Tun farko yana son a sani cewa shi ba maƙiyin ci gaba ba ne. Kafin ranar Asabar, 4 ga Oktoba, 2025, da aka buɗe wannan kasuwa, kowa ya san yadda tsakiyar gari take zama bayan magariba. Ma'aikatan Abuja su sauko daga mota a gajiye, cunkoson hanya ya gama tatse su, kowa ya haye keke ya nufi gida, shaguna a rufe, sai akuyoyi. Yanzu kuwa masha Allah, ga mai masa, ga mai awara, ga mai gurasa, ga amalar Madam Yejide ana layi, mata da yara suna yawo ana raha. Gari ya farfaɗo, Allah ya saka wa Kwamiti da alheri. Sai dai garin neman gira, an kusa tsone wa Gwadabe ido. Ga bayani dalla-dalla.

1. Batun matsuguni. Shekara goma sha tara Gwadabe yana da tukubarsa a lungun da ke bayan katangar tsohuwar tasha, ƙarƙashin darbejiya, da 'yar fitilar a-ci-bal-bal wadda haskenta bai wuce kan nama ba. Ba talauci ne ya hana shi sayen babbar fitila ba, Yallaɓai, sanin sana'a ne. Masu sayen tsirensa yawanci magidanta ne masu mutunci, kuma iri biyu ne. Akwai waɗanda likita ya hana su jan nama saboda hawan jini. Akwai kuma waɗanda tuwo ke jiransu a gida, suna buƙatar ɗan abin da zai riƙe su kafin su je su yi wa tuwon adalci. Mutum ya zo ya juya wa titi baya, ya ci tsinke biyar ko shida a tsaye, Gwadabe ya miƙa masa ruwa da sabulu da ɗan lemon tsami ya kashe ƙamshi, ya wuce gida da fuskar mumini. A shekarun nan ba a taɓa jin sunan kowa daga bakin Gwadabe ba, domin ya yarda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai ga shi ranar buɗe kasuwa an ɗauko shi daga wannan lungu an dasa shi a bakin ƙofa, a Rumfa Ta Ɗaya, wai karramawa ce saboda ya fi kowa daɗewa. Ya yi godiya, amma jikinsa ya yi sanyi tun a lokacin.

2. Batun fitila. A saman wannan rumfa aka kafa fitilar sola mafi girma a duk kasuwar. Yallaɓai, wannan ba fitila ba ce, rana ce ta biyu. Mutum yana tsaye a bakin titi zai iya ƙirga tsinken da ke hannun mai ci, har ya bambance hanta da ƙoda. Ko maiƙon da ke gemu ba ta rufa wa asiri.

3. Batun lasifika. Kwamiti ya naɗa Malam Musaddiq ya riƙa shela don a ɗaga kasuwa. Ba mu da ƙorafi kan muryarsa, Allah ya ba shi, har unguwar Kwamba ana jin sa. Matsalar ita ce ya san kowa a Suleja da sunansa da na mahaifinsa da ofishin da yake aiki, kuma a ganinsa yi wa mutum maraba da suna shi ne ƙarshen karramawa. Ranar Talata, 7 ga Oktoba, da misalin ƙarfe bakwai da kwata na yamma, Mista Theophilus, wanda ke aiki a wani kamfanin inshora a Abuja, ya raɓo rumfar Gwadabe yana sanɗa. Da ba zan ambaci sunansa ba, amma lasifika ta riga ni. Wannan bawan Allah watansa takwas yana cin dafaffen kabeji a gida bisa umarnin likita, kuma a ranar ya yi wa matarsa waya cewa har yanzu suna cikin cunkoso wajen dutsen Zuma. Bai kai ga tsinke na uku ba sai Malam Musaddiq ya cika gari da maraba da Oga Theophilus, ya ƙara da cewa tsinke goma sha biyu ya saya, da ƙoda, da ƙarin kitse, a tafa masa. Aka kuwa tafa.

Abin da Malam Musaddiq bai yi la'akari da shi ba shi ne, matar Mista Theophilus, Madam Nnenna, ita ce mai farfesun kifi a Rumfa Ta Goma Sha Huɗu. Ta iso da ludayi a hannu, yana ɗigar romo. Ba ta taɓa kowa ba, a faɗi gaskiya. Ta dai tsaya ta dubi mijinta, ta dubi Gwadabe, ta yi jawabi cikin harsuna uku wanda ba sai an fassara ba. Daga ranar, duk yamma Mista Theophilus yana zaune a rumfarta yana yanka albasa inda idonta ke kansa. Idan ya hango Gwadabe sai ya ɗaga masa hannu a hankali, idanunsa jawur. Ana cewa albasa ce.

4. Batun kambu. Kamar wannan bai isa ba, ranar Juma'a, 17 ga Oktoba, aka ƙirƙiro kambun Gwarzon Mai Saye na Mako, aka ba wani dattijo da ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake hotonsa yana rataye a ƙofar kasuwa, faɗinsa ya kai tabarma, ga tsinke a baki. Shi wannan dattijo shekara biyu ke nan iyalinsa suna fama da shi kan rashin cin abincin dare. An kai shi asibiti sau uku, an saya masa maganin buɗe ciki, har rubutu an karɓo masa. Babbar 'yarsa ce ta fara ganin hoton tana cikin keke. Yanzu an ce ko sallar isha'i sai da rakiya yake fita. Haba Yallaɓai! Wannan kambu ne ko sammaci?

5. Abin da ya biyo baya. Kasuwa ta cika maƙil, amma rumfar Gwadabe fayau, sai masu wucewa suna shaƙar ƙamshi suna haɗiyar yawu suna gaishe shi da ido. 'Yan kaɗan masu ƙarfin hali sun gwada dabara. Wani ya zo da hular kwanon babur bai cire ba, yana tura nama ta ƙarƙashi, Malam Musaddiq ya gane shi ta takalmi. Wani ya sa takunkumi da baƙin tabarau, aka gane shi ta tumbi. Gwadaben da a da kafin isha'i ya sayar da cinya biyu, yau rabin cinya sai ta kwana. Ragowar kuwa gida take komawa. Makon farko yara suka yi murna. Mako na biyu suka fara tambayar ko babu wake. A mako na uku matarsa, Malama Sailuba, ta rantse idan ya sake shigo mata da tsire sai ta tafi gidansu ta huta, ta ce ko a mafarki yaji take shaƙa.

6. Ƙoƙarin da ya yi kafin wannan takarda. Don kada a ce ya tsallake ƙananan hukumomi, ranar Litinin, 20 ga Oktoba, Gwadabe ya sami magatakardan Kwamiti ya yi masa bayani. Magatakarda ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a duk duniya ba a taɓa jin ɗan kasuwa ya kawo ƙarar haske ba, wai haske shi ne wayewa. Washegari Gwadabe ya hau benci ya kifa wa fitilar bokiti. Aka ba shi takardar gargaɗi kan ɓata kayan jama'a, kuma har yau ba a mayar masa da bokitin ba, alhali na wankan gidansa ne. Ranar Alhamis, 23 ga wata, ya kewaye rumfar da zannuwan gado guda uku. Mutum huɗu suka shige ciki da murna. Hayaƙin tukuba ya rasa hanyar fita, suka kama tari kamar ransu zai fita, Malam Musaddiq kuma ya ɗauki lasifika yana yi musu sannu ɗaya bayan ɗaya, don ashe har tarin mutane ya sani. Suka fito a guje suna hawaye, jama'a na kallo. Zani ɗaya ya ƙone a gefe, kuma na auren Malama Sailuba ne. Wannan maganar ba ta mutu ba tukuna.

Yallaɓai, na san mai karanta wannan zai yi murmushi, ni ma da nake rubutawa na yi. Amma jiya da yamma na tarar da Gwadabe zaune gaban tukuba, wuta na ci, nama na ƙonewa bai juya ba. Ya ce mini abin da ya fi ci masa rai ba kasuwar da ta tsaya ba ce, a'a, mutanen da suka ba shi amanar cikinsu shekara da shekaru yau a gaban rumfarsa ake tona musu asiri, har wasu na zargin da bakinsa a ciki. Ya ce idan watan gobe ya kama a haka zai kashe wutar ya koma garinsu Maje. To Maje ɗin ma me zai tarar? Gonar mahaifinsa yanzu gidaje ne masu jan rufi. Mutum ne mai 'ya'ya shida, shekararsa hamsin da huɗu, ba shi da wata sana'a sai wannan. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, kuma da sanin cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Gwadabe yana roƙon Kwamiti mai albarka abubuwa kamar haka. A mayar da shi lungunsa na ƙarƙashin darbejiya, ko kuma a ba shi rumfar ƙarshe ta kusa da kwata wadda kowa ya ƙi, shi yana so. Idan hakan ba zai yiwu ba, a juya fuskar fitilar ta kalli mai awara, tun da masu cin awara ba su da abin ɓoyewa. A umarci Malam Musaddiq ya riƙa tsallake Rumfa Ta Ɗaya a shelarsa, ko gaisuwa ce. A sauke hoton dattijon nan. A kuma dawo da bokiti.

Ba ya neman diyya, ba ya neman a hukunta kowa. Duhu kaɗan yake roƙo, wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba, a cikin kasuwar da haske ya wadata. Muna fatan samun amsa kafin ranar Juma'a, 31 ga Oktoba, 2025. Ina kuma roƙon alfarma ta kaina, a miƙa amsar a hannun Gwadabe a rumfa, kada a aika gidana, domin iyalina sun san ni da zuwa karatu tsakanin magariba da isha'i.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya raya kasuwarmu, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Naka mai biyayya,

Gwadabe Ɗanjuma Maje
(ya dangwala yatsa)

Nu'uman Shehu
(mai rubutawa, ya sa hannu)

Masu goyon baya: magidanta talatin da bakwai. Duk sun dangwala yatsa a bayan wannan takarda, duk kuma sun roƙi a sakaya sunansu. A yi haƙuri da jan da ke jiki, tawada ta ƙare, da mai da yaji aka ƙarasa.