Hatimi Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Fagen daga, Rasha, Yuli 1943

Yaya Detlev,

Gaisuwa mai yawa. Ya tarin Mama? Ya yara? Ni lafiya lau, yatsu biyu kawai na rasa, su ma na hagu.

Sababbin tankokin yaƙin masana'antarku sun iso. Maƙwabcinmu Ortwin, da muke tanka ɗaya, ya shafa tamu ya ce, "Tunda yayanka ne ya duba ta, Rashawa su yi ta harbi."

Harsashin igwa na farko bai ma huda ƙarfen ba, waldar ce ta tsage, wuta ta shigo. Ortwin ya ƙone a kujerarsa. Da ƙarfen ya huce na duba gefen waldar, inda mai dubawa yake buga hatiminsa. Lamba arba'in da bakwai, wadda kake cika mana baki da ita.

Na san ana matsa muku ku yi sauri, ban kai ƙararka ba. Ka aiko min da safa da taba.

Hedwig matar Ortwin ta rubuto tana tambayar yadda ya mutu. Na ce ta zo gidanka ranar Lahadi bayan coci, ka fi ni sani.

Allah ya ba ka barci mai daɗi.

Ƙaninka,
Volkmar