Matatar Man da Ke Bayan Kicin Ɗina

Hajiya Zuwaira Sharhabil,
Lamba 14, Layin Rijiya,
Kinkinau, Kaduna.
12 ga Mayu, 2025.

Babban Jami'in Duba-gari,
Sashen Lafiyar Muhalli,
Shiyyar Kinkinau, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MATATAR MAI MARAR RAJISTA A ADIRESHIN DA KE SAMA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni tsohuwar sakatariya ce, na yi shekara talatin da biyu ina buga wa gwamnati takardu. Ina shigar da ƙorafi a kan Malam Sharhabil Lawal, malamin kimiyyar sinadarai mai ritaya, wanda daga nan zan kira "wanda ake ƙara". Don kada in ɓoye wa hukuma komai, mijina ne.

1. Ranar 6 ga Janairu ya dawo daga gidan mai a fusace, ya sanar cewa shi da fetur sun rabu. Ya ce daga ɗanyen mai aka yi leda, saboda haka zai mai da ita inda ta fito. Ya girka durom da bututu a bayan kicin, ya kuma ɗauke babbar tukunyata ta taron suna ba tare da izini ba.

2. Yakan danƙara ledar fiya wata da fasassun bokitai a durom, ya toshe, ya hura wuta a ƙasa. A cewarsa ba ƙona ledar yake ba, tun da iska ba ta shiga; tururinta ne ke hucewa ya zama mai. Mai yiwuwa. Amma da guntayen taya yake hura wutar. Shi da bakinsa ya koya mini cewa wutar da ta sami isasshiyar iska shuɗiya ce, mai ja da baƙin hayaƙi kuwa ba ta ƙone abin sarai ba. Ranka ya daɗe, wata huɗu ke nan ban ga shuɗi ba.

3. Fararen kajin maƙwabciyarmu Talatu sun koma ruwan toka. Yanzu sai na gaishe ta sau biyu take amsawa.

4. Ranar 2 ga Maris ya zuba litarsa ta farko a babur, ya nufi Babbar Kasuwa. Ya dawo yana tura shi, jiƙe da gumi, ya ce gwajin ya yi nasara kashi sittin cikin ɗari, domin babur ɗin ya ci fiye da rabin hanya.

5. Ranar 18 ga Afrilu ya buɗe durom kafin ya huce. Girarsa duka biyu da rabin gemunsa suka tafi. A masallacin Juma'a ya ɗora laifin a kan wanzami.

6. Na kai kuka wajen yayansa, Alhaji Balarabe. Ya zo da niyyar yi masa faɗa, ya tafi da kwalba biyu zai gwada a janareta.

7. Ranar 29 ga Afrilu, saboda hadari, ya mai da aikin cikin ɗakin ajiya ya turo ƙofa. Da na kai masa abincin rana, na tarar da shi zaune a ƙasa, ya dafe kai, ya kasa miƙewa. Ni kaɗai na janyo shi tsakar gida. Likita ya ce iskar nan ce marar wari da launi, wadda wuta ke fitarwa in ta rasa iska, ta hana jini ɗaukar numfashi. Shekara talatin wanda ake ƙara ya yi yana gargaɗin ɗalibai a kanta. Likitan ya faɗi abin da zai faru da na ƙara rabin awa. Ba zan buga shi a takardar hukuma ba. Kwana shida da sallamarsa daga asibiti, na ga yana wanke durom ɗin.

Bisa haka nake roƙon ofishinka mai albarka:

(a) A turo jami'ai cikin kaki, da takarda mai hatimi. Maganata ba ta shiga kunnensa, amma hatimi yana ba shi tsoro.

(b) A tafi da durom da bututun. Tukunyar a bar mini.

(c) Kada a kunyata shi a gaban 'yan unguwa. Mutumin kirki ne, zaman gida ne bai iya ba. In akwai kwamitin wayar da kai kan ƙona shara, a sa shi ciki, muddin ba a raba ashana a wajen taro.

(d) Kada sunana ya fito. A zo ranar Alhamis bayan ƙarfe goma. Za a same ni a bakin ƙofa ina tada jijiyar wuya, ina cewa ba mai taɓa kayan mijina. Ina roƙon jami'anka su ba ni haƙuri, su wuce ni ta hannun dama. Durom ɗin yana bayan tankin ruwa.

Allah Ya ƙara girma, Ya taya ka riƙo.

Taka mai biyayya,
Hajiya Zuwaira Sharhabil