Irin geron Babanmu ya ƙone

Zuwa ga ƙanena Malam Haruna, a Kontagora.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, yaya ƙafar Hajiya Abu? Mu nan Buji lafiya, sai ɓacin rai. Liman ke rubuta mini, na ce kada ya gyara ko kalma.

Ranar kasuwar Jahun ɗana Sabo ya zo daga Takur da matarsa, wai za su rage mini tarkace in sha iska. Na dawo daga kasuwa na tarar da wuta a tsakar gida tana cin tarkacen. Har da damin geron nan da ke rataye a madafa, irin Babanmu da nake shukawa tun rasuwarsa. Sabo ya ce, "Baba, duk hayaƙi ya cinye shi. Iri ai gwamnati na rabawa."

Na ɗauki ƙotar fartanya na rotsa masa kai, jini har gaban riga. Da aka tafi da shi ɗinki, na bi kujerun da ya kawo mini da gatari, na tura su wutar. Mai unguwa ya zo wai yanzu zamanin shari'a ne, jini ba wasa ba. Na ce alƙalin ya fara maido mini irina.

Ga hadari ya fara haɗowa, ba ni da ƙwaya ɗaya. In akwai sauran wanda ka tafi da shi, ko cikin tafin hannu ne, ka aiko.

Ka gaida yara. Ka sa Sabo a addu'a, an ce har yanzu jiri yake ji. Ni bakina bai iya ba tukuna.

Yayanka, Musa.