Kibiyar da ke jikin debimeta

Laraba, bayan isha'i

Kwana uku ina fama da motar nan! Tun da na ɗaura mata sabon bututun iska da na sayo daga garin Kuseri take tari, tana zuƙar mai kamar raƙumi. Na wanke debimeta, abin auna iskar, na saita shi da kwamfuta har idona ya yi ja. A banza.

Yau Kawu Isa, wanda ko keke bai iya gyarawa ba, ya leƙa ya ce, "Ɗana, kibiyar nan ta jikin debimetan ai waje take nunawa. Kuseri iskar za ta koma?"

Ashe a juye na ɗaura shi. Na juya shi, inji ya yi luf. Kalas, shi ke nan.

Da sanin bakin Kawu, kafin azahar gobe duk unguwar Ambassatna ta ji.