Bangon da Baba ya gina ya sauka

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Gaisuwa mai yawa daga Konni. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Yaya Rabi da yara? Mu nan duk lahiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, mun rushe bangon da ke tsakanin shago da ɗakin ajiya. Ni da na so in sa azara kawai, amma wani injiniya abokina daga Malbaza ya leƙo ya ce: "Kai, wannan bangon shi ke ɗauke da rufin duka!" Sai da aka tokare rufin da itatuwa, sannan aka zuba gadar siminti da rodi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce a riƙa ba ta ruwa safe da marece, sati uku.

Inna ta yi ta faɗa, wai mun taɓa aikin Baba. Amma ka san wa ya karɓe ban ruwan? Ita! Tana yi tana cewa yau ga gini ya koma albasar Badaguishiri.

Ranar da za a cire itatuwan kowa ya gudu waje, har ni. Inna ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gadar ta zauna, ta ce: "Ni na shayar da ita, ba ta faɗo mini." Ko ƙasa ba ta zubo ba.

Ta aje maka tubali guda na tsohon bangon, da shaidar yatsun Baba a jiki. Ta ce ba ta aikowa, sai ka zo da ƙafarka.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu Sani da mutan gidansa.

Ƙanenka,
Isufu